Na ajiye aiki, aikin ya ƙi ajiye ni

Shekara 35 na yi ina malamin gona kafin takardar ritaya ta zo. Watannin farko in na dawo masallacin asuba sai in yi wanka, in sa kaya, in kafa hula, sannan in tuna ba inda za ni. Daga nan sai majalisar gindin darbejiya, mu yi ta tauna siyasa har azahar. Ranar da uwargida ta ce, "Malam, yau ma kana nan?" na san zaman ya fara isar kowa.

Da garatuti ya fito, bayan jiran da ba na son tunawa, sai na bi shawarar abokai na sayi adaidaita sahu na ba wani yaro. Wata uku balas na shigowa. Daga nan yau taya, gobe inji, jibi an kama shi. Ni da ban san bambancin fulogi da kafireta ba, duk abin da aka faɗa mini sai in ce to. Na sayar da shi da asara, kuma laifina ya fi na yaron, don na zuba kuɗin tsufana a sana'ar da ban iya ba.

Abin da ya fisshe ni wake ne. Da kaka na iske maƙwabcina zai jefa ƙwayar maganin ƙwarin nan da ake kira bom cikin buhun waken da iyalinsa za su ci, kuma a ɗakin da yara ke kwana zai ajiye shi. Na ce, "Alhaji, dakata." Na aika aka sayo buhun PICS, mai leda biyu a ciki. Muka shanya waken har ya bushe ƙarau, muka hura kowace leda don a tabbatar ba huji, muka zuba, muka matse iska, muka ɗaure kowace ɗaya daban. Ƙwaron wake ba ya rayuwa in ba iska, ba sai an sa guba ba. Da bazara ya kwance buhun a gabana, ya cusa hannu har gwiwa, ya ɗebo wake sumul. Kafin sati maganar ta zaga unguwa.

Yanzu zaurena ne ofis. Wani ya zo da ganyen masara a aljihu ya ce, "Baba, duba min wannan." Wani ciyawar wuta-wuta ta cinye masa dawa, in ce ya cire ta kafin ta zubar da iri, ya kuma juya gonar da waken suya ko gyaɗa. Maganar takin yuriya kuwa na gaji da maimaitawa: a binne shi, in an watsa a sama rana ce ke shan rabonta. Abin mamaki, shawarar da a da nake bin mutane da ita a kan babur suna kau da kai, yau ita suke zuwa nema da ƙafarsu. Wataƙila furfura ce, wataƙila don yanzu na fi sauraro.

Ba na karɓar kuɗi, fanshon da ba ya kai ƙarshen wata shi ne dai. Amma jiya wata tsohuwa ta aiko jikanta da tiyar wake, ta ce a gaya wa malam na bara ne.