Wayar altanata ba wayar gida ba ce

Shekaranjiya a wani garaji da ke kusa da Kasuwar Dole na tarar da wani yaro ya duƙa kan injin Hiyas, yana shirin kwance notin bayan altanata, na'urar da ke yi wa batir caji, alhali batir yana haɗe. A gefensa ga nannaɗen wayar lantarkin gida mai milimita 2.5. Na riƙe hannunsa, gabana na faɗuwa, domin irin wannan wayar na taɓa sa wa motar wani bawan Allah mai zuwa Tanut.

Tsohuwar wayar altanatar mutumin ta ci tsatsa daga ciki, tagullar ta koma kore har ƙarƙashin roba, kan da ke shiga noti ya ƙone. Wannan waya ita ke ɗaukar dukan cajin daga altanata zuwa jan kan batir, amfiya 70 zuwa 90 a irin motar, don haka milimita 16 take so. Na san haka. Amma ranar babu mai kauri a kusa, fasinja sun cika mota, direba yana tsaye a kaina. Na ɗauko wayar gida na ninka ta biyu, na murɗe bakinta da hannu, na naɗe da tef, na kuma tsallake fis ɗin da ke kan layin don ya hana ni haɗi. Har yau nakan ce wa kaina kowa ya samu kansa a wurin haka zai yi. Ba gaskiya ba ne. Haɗin da bai matsu ba zafi yake yi, siririyar waya ta ƙara masa, ga zafin bazarar Damagaram. Roba ta narke, tagulla ta taɓa ƙarfen inji, babu fis da zai yanke. Wayoyin gaban motar suka ƙone a daji. Allah ya tsare rayuka, amma mutumin ya yi makonni ba ya aiki, da iyali a wuyansa.

Yaron nan ina yi masa bayani, idonsa na kan salula. Abin da ke ɓata mini rai da ku ke nan, samari, kuna son a ce muku maigida kafin ku iya riƙe kule, abin kwance noti.

Ka cire baƙin kan batir tukuna, da kule 10, domin notin altanata da wuta a jikinsa ko mota na kashe. Kada ka yi faci, sayi waya cikakkiya, a matse mata kan tagulla da abin matsewa, ka goge wurin zama har ya yi ƙyalli. To, in a daji ta same ka, yi facin ka iso gari, amma kashe duk abin da ke jan wuta, kuma kada ka taɓa fis. Nisanta wayar da bututun hayaƙi. Noti kuma kada ka danne shi da ƙarfin tsiya, sandar da yake hawa takan karye daga ciki.

In ka gama, tada mota, kunna fitilu, sa mita a kan batir: bolt 13.8 zuwa 14.4 ake so. Sannan auna tsakanin notin altanata da jan kan batir. In ya wuce rabin bolt, kwance ka sake.