Wasiƙa daga Long Island: Lokacin da aka yi tseren motoci a kan hanyar manoma

Zuwa ga 'yan uwa masu karatu a gida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina so in ba ku tarihin yankin da nake zaune, wato gundumar Nassau ta tsibirin Long Island, gabas da birnin New York. Inda unguwar Levittown take a yau, wadda aka fara gina gidajenta a 1947, a da fili ne fetal, kuma a nan aka kafa rumfar 'yan kallon tseren motocin da ya fi kowanne suna a Amurka a farkon ƙarni na 20, wato tseren Kofin Vanderbilt.

Wanda ya assasa tseren shi ne William K. Vanderbilt na biyu, ɗan gidan attajiran jiragen ƙasa. Ya ga motocin Faransa da Jamus sun yi wa na ƙasarsa fintinkau, sai ya sa kofin azurfa domin ya zaburar da maƙeran gida. An yi karon farko ranar 8 ga Oktoba, 1904, a kan zagaye mai tsawon kimanin mil 30, kuma hanyoyin na jama'a ne, waɗanda manoma suke bi da kekunan doki su kai kayan lambu kasuwannin birni. Mutanen yankin sun kai ƙara kotu, amma ba su yi nasara ba. Aka zuba mai a hanya don kwantar da ƙura, aka kuma shar'anta cewa a garuruwan Hicksville da Hempstead kowace mota sai ta rage gudu ta bi bayan mai keke har ta fita gari. George Heath, Ba'amurke mazaunin Faransa, shi ya yi nasara da motar Panhard, da matsakaicin gudun mil 52 a awa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mutumin da yake zaune a gefen direba. Kowace mota tana ɗauke da makaniki, kamar dai yaron mota a wurinmu, wanda aikinsa ya riƙa buga famfon mai, ya waiwaya ya ga mai tahowa a baya, ya kuma diro ya canja taya idan ta fashe, alhali motar ba rufi, ba ɗamarar kujera. A wannan tsere na farko wani makaniki mai suna Carl Mensel ya rasa ransa da motarsu ta kife. Direba ne yake samun suna a jaridu, shi kuwa na gefensa ba a cika ambatonsa ba sai ranar da ya mutu.

A 1906 an ƙiyasta 'yan kallo sun kai 200,000. Sun karya shingaye suka cika hanya, sai sun ji rugugin inji sannan su dare gida biyu, mota na wucewa su sake haɗewa. Mota ta buge wani ɗan kallo, Curt Gruner, ya mutu, saboda haka ba a yi tseren 1907 ba. A ganina tun a 1904 ya kamata a saurari manoman nan, domin abin da suka ji tsoro shi ne ya auku.

Daga nan ne Vanderbilt da abokansa suka gina hanya ta kansu, Long Island Motor Parkway, da siminti da gadoji, yadda ba ta haɗuwa da hanyoyin gari, kuma mota kaɗai ke hawanta bayan biyan dala 2. Ana lissafa ta cikin hanyoyin farko a duniya da aka yi musamman domin mota. A kanta George Robertson ya ci tseren 1908 da Locomobile mai lamba 16, karon farko da motar Amurka ta ɗauki kofin, kuma tana nan a gidan tarihin Henry Ford da ke Dearborn. Sai dai sabuwar hanyar wani ɓangare ce kawai na zagayen, sauran duk ta cikin ƙauyuka yake ratsawa. A 1910, shekarar da Harry Grant ya yi nasara karo na biyu a jere da motar ALCO, makanikai biyu suka mutu, 'yan kallo da dama suka jikkata. Daga nan tseren ya bar Long Island, ya koma Savannah a 1911, sannan Milwaukee a 1912.

Ita kuwa hanyar ta ci gaba da aiki, har aka kai ta tafkin Ronkonkoma, tsawon kusan mil 45. Da Robert Moses, wani babban jami'in gwamnatin jihar New York, ya gina wata hanyar mai suna Northern State Parkway, wadda ba a biyan ko sisi, masu motoci suka ƙaurace wa ta kuɗi, harajin gwamnati ya taru, aka rufe ta a 1938 aka miƙa filinta ga hukumomi. Wani yanki nata a Queens, ɗaya daga cikin gundumomin birnin New York, tsakanin wuraren shaƙatawa na Cunningham Park da Alley Pond Park, yanzu hanyar masu keke da masu tafiya a ƙasa ce.

Wassalam,
Ɗan uwanku a Long Island