Abin da Tsofaffin Littattafan Maki Suka Koya Mini Game da Kurket na Kulob a Sydney

A shekarun da nake karatu a birnin Sydney na ƙasar Ostireliya, na yi aiki na ɗan lokaci a ɗaya daga cikin kulob-kulob ɗin da ke buga gasar kurket ta unguwannin birnin. Kurket wasa ne da mai jifa yake jefa ƙwallo domin ya fitar da mai bugu, shi kuma mai bugu yana dukanta da sanda domin ya tara maki. Kulob ɗin yana shirin fitar da littafin tarihinsa, sai aka danƙa mini tsofaffin littattafan maki da na bayanan zaman kwamiti domin in kwashe abin da ke cikinsu in shigar a kwamfuta. Aiki ne mai cin ido da cin lokaci, amma ta hanyarsa na gane cewa alhakin da ke kan mai rubuta tarihin kulob ya wuce jera sunayen taurarin da suka taɓa sanya rigarsa, domin sau da yawa wanda ya fi suna a duniya ba shi ne ya fi yi wa kulob ɗin hidima ba.

Gasar ta fara ne a kakar 1893 zuwa 1894, lokacin da aka raba 'yan wasan birnin bisa mazaɓunsu, aka kuma wajabta wa kowa ya buga wa yankin da yake zaune. A yau kulob 20 ne ke cikinta, kowanne da rukuni 5 na manya, daga rukunin farko inda gwanaye suke har zuwa na biyar inda ake haɗa yara masu tasowa da dattawan da ƙarfinsu ya fara ja baya. Wasa ɗaya yakan ɗauki Asabar biyu a jere, saboda mafi yawan 'yan wasan ma'aikata ne da ɗalibai. Wanda ya yi fice a rukunin farko shi ake ɗauka ya wakilci jihar New South Wales, daga jiha kuma sai ƙasa. Wannan tsani shi ne ƙashin bayan kurket na Ostireliya, kuma amfaninsa a fili yake: yaro ɗan shekara 16 yana iya samun kansa a gaban mai jifan da ya girme shi da shekara 20, wanda ba zai tausaya masa ba ko kaɗan.

Labarin Don Bradman shi ne wanda kowa yake fara kawowa. An haife shi a 1908, ya tashi a garin Bowral, inda ake wasa a kan daɓen siminti. A watan Nuwamba na 1926, yana ɗan shekara 18, ya buga wa kulob ɗin St George wasansa na farko da Petersham, ya ci maki 110 a kan filin ciyawa irin wanda bai saba da shi ba. Kowace Asabar sai ya yi sammako ya hau jirgin ƙasa daga Bowral, tafiyar kusan kilomita 130, ya yi wasa ya koma cikin dare. Shekara guda bayan haka ya shiga tawagar jiha, a 1928 ya shiga ta ƙasa, ya kuma gama da matsakaicin maki 99.94 a wasa 52 na ƙasa da ƙasa, abin da har yau babu wanda ya kusance shi. St George tana da ikon yin alfahari da shi. Sai dai zamansa a can bai kai shekara 10 ba, a 1934 ma ya bar Sydney gaba ɗaya ya koma Adelaide.

Idan tambayar ita ce wa ya gina St George, ni a ganina amsar ita ce Bill O'Reilly, malamin makaranta kuma gwanin jifa mai murɗa ƙwallo. Shi da Bradman sun san juna tun suna samari a wasan ƙauye: a wata karawa tsakanin Bowral da Wingello, Bradman ya wuni yana dukan ƙwallonsa har ya tara maki 234, da aka dawo Asabar ta gaba kuwa O'Reilly ya fitar da shi da jifan farko. O'Reilly ya buga wa ƙasarsa wasa 27 ya fitar da masu bugu 144, amma a gasar kulob ta Sydney adadin waɗanda ya fitar ya kai 962, kuma a ƙarƙashin jagorancinsa St George ta ɗauki kofi sau 4 a jere a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Abin da ya fi waɗannan alƙaluma nauyi shi ne yadda ya riƙe yaran da ke hannunsa a filin kulob ɗin da ke Hurstville. Arthur Morris ya zo ne a matsayin mai jifa da hagu wanda ake ajiyewa can baya a jerin masu bugu. O'Reilly ya lura cewa baiwar yaron a bugu take, ya riƙa matso da shi gaba har ya mayar da shi mai buɗe wasa, kuma a Disamba na 1940, yana ɗan shekara 18, Morris ya ci maki 148 da 111 a wasansa na farko na jiha. Ray Lindwall, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin masu jifa mafi sauri a zamaninsa, shi ma a hannun O'Reilly ya gyara tsayuwarsa da tunaninsa. Lokacin da Bradman ya jagoranci tawagar da ta zagaye Ingila a 1948 ba tare da an doke ta ko sau ɗaya ba, Morris ne ya fi kowa maki a wasannin ƙasa da ƙasa, Lindwall kuma shi ne kan gaba a masu jifanta. Irin wannan tarbiyya ta yi kama da ta yaron da ya tashi a maƙera: ba a zaunar da shi a yi masa lacca, yana zuga wuta ne yana kallon hannun maigida, ana kuma yi masa gyara a daidai lokacin da ya karkace. Babu littafin makin da ke da gurbin rubuta wannan gudummawa, don haka dole mai tattara tarihi ya neme ta a bakin mutane da cikin wasiƙu.

Akwai kuma waɗanda duniya ba ta san su ba sam. Hugh Chilvers ya fitar da masu bugu fiye da 1,100 a rukunin farko, ya zarce O'Reilly kansa, amma bai taɓa buga wa Ostireliya wasan ƙasa da ƙasa ba, domin ya zo a zamanin da O'Reilly da Clarrie Grimmett suka riƙe gurbin masu irin jifansa. Ken Gulliver na Mosman shi ma ya haura 1,000, ya kuma shafe shekaru masu yawa yana bauta wa kulob ɗaya. Kowane kulob yana da irinsu, kuma a littattafan da na yi aiki a kansu nakan ga suna ɗaya yana hawa daga rukuni na huɗu zuwa na farko, ya daɗe a can, sannan ya riƙa saukowa a hankali, har ya bayyana a matsayin kyaftin na rukuni na biyar tare da wani yaro mai sunan mahaifi irin nasa. Wannan saukowa ita ce ke ciyar da tsarin. Da a ce kowane gwani yana ajiye sandarsa ranar da aka cire shi daga rukunin farko, da yaran da ke ƙasa ba su sami wanda zai nuna musu hanya ba.

Wani darasin ya shafi yadda ake karanta alƙaluma. Littafin maki na kurket abu ne mai ban sha'awa idan mutum ya dube shi da kyau. Kowane jifa yana da alamarsa: ɗigo idan ba a ci komai ba, lamba idan an ci maki, harafi idan an fitar da mai bugu. Wasu masu rubutun sukan yi amfani da fensir kala-kala, kowane mai jifa da kalarsa, ta yadda za a iya sanin wanda ya jefa wa wa. A gefen shafi sai a tarar da ɗan rubutu cewa ruwan sama ya tsayar da wasa a ƙarfe kaza, wani lokaci har da tabon ruwan a kan takardar. Amma lambobin ba sa bayyana dokokin zamaninsu. Har zuwa ƙarshen shekarun 1970, a Ostireliya jifa 8 ake yi a kowane zagaye, ba 6 ba kamar yanzu, saboda haka wanda ya kwatanta mai jifan 1960 da na yau ta hanyar ƙirga zagaye kawai zai yi wa ɗayansu rashin adalci. Haka nan shahararren wasan Victor Trumper na 1903, lokacin da ya ci wa Paddington maki 335 a cikin awa 3 a filin Redfern: a wancan zamani ƙwallon da ta tsallake shinge maki 5 ake ba ta, ba 6 ba, kuma sau 22 ya tsallakar da ita. Ko kakar 1943 zuwa 1944 da O'Reilly ya fitar da mutum 147, ba za a fahimce ta ba sai an tuna cewa yaƙi ya dakatar da gasar jihohi, don haka gwanin da a da yakan yi rabin kaka yana tafiye-tafiye ya zauna gida yana fuskantar 'yan kulob kowane mako. Wannan bai rage masa daraja ba, amma ya kamata mai karatu ya sani.

Littattafan zaman kwamiti kuwa kusan ba sa maganar taurari. Abin da ya cika su shi ne kuɗin hayar fili daga hukumar unguwa, da tsadar ƙwallaye, da gyaran abin daddaɓe fili, da jerin waɗanda ba su biya kuɗin shekara ba. Mai kula da fili yakan fito a shafi bayan shafi, domin idan bai shayar da tsakiyar filin ya daddaɓe ta a kan kari ba, gwanintar kowa ta tashi a banza. Mata suna bayyana a layin godiya na ƙarshen rahoton shekara, ana yaba musu kan shayin da suke haɗawa a hutun la'asar, sau da yawa ba tare da an ambaci sunan kowace ba, alhali da yawa daga cikin littattafan makin da tarihin kulob ya dogara a kansu da hannunsu aka rubuta. A nan na fi jin nauyin aikin, domin wanda aka manta da shi a rubutun farko, idan mai tattarawa bai tono shi ba, ya ɓace ke nan har abada.

Tsanin yana nan yana aiki. Bankstown ta fitar da Jeff Thomson da tagwayen nan Steve da Mark Waugh, Mosman ta fitar da Allan Border, Penrith kuma Pat Cummins. Usman Khawaja, wanda aka haifa a Pakistan, ya bi ta Randwick Petersham kafin ya zama Musulmi na farko da ya buga wa Ostireliya wasan ƙasa da ƙasa a Janairu na 2011. Abin da ya sauya shi ne jadawalin manyan wasanni ya cika maƙil, har tauraro yakan yi kaka guda bai leƙa kulob ɗinsa ba. An ga girman wannan giɓi a 2018, lokacin da aka dakatar da Steve Smith da David Warner na shekara guda kan badaƙalar gurza ƙwallo a Afirka ta Kudu. Hukuncin bai hana su wasan kulob ba, sai Smith ya koma Sutherland, Warner ya koma Randwick Petersham, jama'a suka yi ta tururuwa zuwa filayen unguwa da a da 'yan uwan 'yan wasa kaɗai ke zuwa. Abin takaici ne a ce sai da hukunci ya sauko sannan matasan waɗannan kulob suka sami abin da Morris da Lindwall suke samu kowace Asabar.

Da aka zo tsara littafin, na ba kwamiti shawarar a rage shafukan da aka ware wa waɗanda suka wakilci ƙasa, tunda labarinsu yana ko'ina, a ƙara babi a kan waɗanda suka daɗe suna wasa a ƙananan rukunai, da masu kula da fili, da masu rubuta maki. An yi muhawara sosai, domin wasu suna ganin hoton tauraro ne ke sayar da littafi, kuma ba su yi ƙarya ba. A ƙarshe aka bar taurarin a bangon gaba, aka amince da babin, aka kuma ɗora mini aikin bin tsofaffin mambobi gida-gida domin gano sunayen matan da rahotannin shekara suka tsallake.