Abin da ma'auni ya nuna mini game da garmahona

Garmaho biyu ne a ɗakina a unguwar Birni, nan Damagaram. Ɗaya na gada daga mahaifina, igiyar roba ce ke juya farantinsa. Ɗayan kuwa Technics SL-1200MK2 ne, samfurin da ya fara fitowa a 1979, wanda injinsa ke haɗe da faranti kai tsaye. Ƙanena da ya daɗe a Faransa ya zo hutu, ya dubi na biyun ya ce: “Yaya, wannan ai na masu kiɗan biki ne. Masana sauti sun ce mai igiya ya fi ɗumin murya.” Da na tambaye shi da me ake auna ɗumin, sai ya ce kunne ne kaɗai alƙali.

Maganar ta tsaya mini a rai, domin aikin garmaho na farko abu ne da ake ƙirgawa: ya juya faifai sau 33 da sulusi a minti ɗaya, ko sau 45, ba tare da ya yi gudu ko ya ja ƙafa ba. Wutar lantarkin Nijar tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, don haka ƙwan fitila irin na da yana ƙyaftawa sau 100, kuma idan aka ɗora wa faranti takarda mai layuka 180 a kewayenta, layukan za su tsaya cik a ido a ƙarƙashin hasken fitilar matuƙar juyin 33 da sulusi ya yi daidai. Na buga takardar na gwada. A kan Technics layukan sun tsaya. A kan na mahaifina suna ta sulalewa baya sannu a hankali, saboda zafin bazarar garin nan ya sa igiyar ta saki. Da na sa sabuwa, muryar mawaƙin ta ɗan ɗaga, ɗumin da muke yabawa ya ragu, ashe jinkirin juyi ne ke kaurara ta.

Haka na samu a batun nauyin allura. An saba cewa rage mata nauyi tausaya wa faifai ne, alhali allurar da ba ta zauna sosai ba karkarwa take yi tana bugun bangon layin da take bi, ɓarnarta kuma ba ta gyaruwa. Ƙaramin sikeli mai auna giram ya nuna mini tawa na kan giram 1, kamfanin da ya ƙera ta kuwa 2 ya rubuta.

Ban ce duk abin da masu sha'awar sauti ke faɗa tatsuniya ce ba. Tsawon waya da yanayinta na iya sauya siririn sauti a wasu kawunan allura, kuma ana auna wannan da na'ura. Abin da na ƙi shi ne a sayar wa mutum waya mai ruwan zinariya alhali ƙurar hunturu ta cika masa layukan faifai.

Kafin ƙanen nawa ya koma, na sa wa garmahon biyu kan allura iri ɗaya, na daidaita ƙarfin sautinsu, na zaunar da shi bayan labule. Sau goma na sauya masa don ya faɗi wanne ke kiɗa, sau biyar ya faɗi daidai, kamar mai canka kawai. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya roƙi in buga masa takardar layukan nan ya tafi da ita.