Batirin Baba a Kadawa

Talata. Hazo tun daga Kano har Kura, da kyar ake hango motar da ke gaba. Tumatir dai ya yi kyau, alhamdulillahi, yara sun fara tsinka.

Na shiga kwantenar da Baba yake kwana a gonar zan sa wayata a caji, sai na tarar ko ƙwan fitila ba ya kamawa. Na ɗora mita a kan batir, ta nuna volt 11.3, alhali in ya cika 12.7 yake nunawa. Farantin sola kuwa ƙura ta rufe shi, har kana iya rubutu da yatsa a kai.

Na ce, "Baba, tun yaushe?"

Ya ce, "An kwana biyu, Alhaji."

"Me ya hana ka aiko a gaya min?"

Sai ya sunkuyar da kai yana gyara hula. "Ga tsadar mai, ga hidimar gida. Na ce kar in ɗora maka nauyi, tocila ma tana yi."

Maganar nan ta tsaya min a rai. Dattijo a cikin sanyin nan, ba fitila, ba rediyon da yake jin labarai da asuba, ba wayar da zai kira in wani abu ya faru cikin dare, duk don kawaici. Kuma kawaicin bai tsaya a kansa ba: irin wannan batir in ya daɗe a mace, wani farin gishiri yakan kama farantan dalmar da ke cikinsa, daga nan ba zai ƙara riƙe wuta kamar da ba. Na yi masa bayani a hankali, yana ta cewa "To, to."

Babu layin wuta a wajen, mota ce kaɗai mafita. Muka fito da batirin waje saboda iskar da yake fitarwa lokacin caji tana kamawa da tartsatsi. Na tayar da inji, na jona batiran biyu da waya, ja da ja, baƙa da baƙa. Auta ya ce a kashe motar, ai batirinta zai ba shi wuta. Na ce a'a, altaneta, wato na'urar cajin da inji ke juyawa, ita ce ke turo wajen volt 14, in aka kashe inji batiran biyu za su raba ɗan abin da ke akwai, mu kwana a gona. Da farko wayar ta yi ɗumi a hannu, na ɗan taka totur, don a silo cajin ba ya sauri.

Bayan kamar awa guda Baba ya ga mita ta wuce 13, ya hau sa albarka. Na ce ya dakata. Muka cire waya, muka ci ɗanwake, muka dawo: 12.1. Rabi ke nan. Ya isa fitila da waya, ban da fanka.

Auta ya hau ya goge farantin da jiƙaƙƙen tsumma.

A hanyar dawowa shiru na yi, har Auta ya tambaya ko lafiya. Me Baba ya gani a wurina da ya sa zaman duhu ya fi masa sauƙi a kan ya buɗe baki? Hajiya ta ce haka mutanen da suke, in daina damuwa. Ban daina ba.

Gobe Auta zai kai batirin wurin mai caji a Kura ya kwana. Ranar Juma'a kuma da kaina zan kira Baba.