Wasiƙa daga Bakin Tafkin Iseo

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Da fatan kowa yana lafiya, iyali ma lafiya.

Asabar ɗin da ta wuce na sauka Sarnico, wani ƙaramin gari a bakin Tafkin Iseo, arewacin Italiya. A wata rumfar gyara na tarar da wani dattijo durƙushe gefen tsohon kwale-kwale yana goga samfefa. Ya goga, ya hure ƙurar, ya shafa tafin hannu, ya sake gogawa. Na fi minti ashirin a tsaye bai bar taku ɗaya na katakon ba. Jirgin ƙirar Riva ne, sunan da a garin nan ko yaro ya san shi.

Asalin gidan kafintoci ne. A 1842 Pietro Riva ya zo daga Tafkin Como don gyara jiragen da guguwa ta farfasa, sai ya zauna. Amma wanda ya kai sunan duniya shi ne Carlo Riva, haifaffen 1922. Mahaifinsa Serafino jiragen tsere yake ƙerawa, shi kuwa ɗan ya ce sam, jirgin shaƙatawa zai yi, irin wanda mai kuɗi zai hau da farar riga ya sauka ba ta ɓaci ba. Ya tafi Amurka ya samo injinan kamfanin jirage na Chris-Craft, ya tsara aikin daki-daki kamar na masana'antar mota, amma gamawa ya bar wa hannu.

A 1962 ya fitar da jirgin Aquarama, mai tsawon mita 8 da ɗoriya, inji biyu, jiki duk mahogani. Wannan itace fa dangin maɗacinmu ne. Na daɗe ina kallon jan katakon ina tuna inuwar da muke kwanciya ƙarƙashinta ba mu ɗauke ta bakin komai ba. Man sheƙi ake shafa masa, a bari ya bushe, a goge, a sake shafawa, bi da bi, har mutum ya ga fuskarsa a jiki kamar madubi.

Sarki Hussaini na Jordan ya mallaki Riva, haka 'yar fim ɗin Faransa Brigitte Bardot. Ferruccio Lamborghini, mai kamfanin motocin Lamborghini, kuwa da ya sayi nasa, injinan motarsa guda biyu ya sa aka dasa masa.

A 1969 Carlo ya sayar wa kamfanin Whittaker na Amurka masana'antar, daidai lokacin da faiba, wato roba mai zaren gilashi, ke ture katako. Ni dai jiragen faiban ba su taɓa burge ni ba, ko da sun fi sauƙin kulawa. Daga baya Carlo ya gina tashar jirage a garin Rapallo da ke bakin tekun Italiya, ya rasu a 2017 yana da shekara 95. An daina ƙera Aquarama tun 1996, shi ya sa dattijon nan ba ya rasa aiki.

Da zan tafi na kai hannu zan taɓa jirgin, ya ɗaga kai ya girgiza mini yatsa. Man wannan gefen bai gama bushewa ba.

A gaida kowa da kowa.

Ɗan uwanku a Italiya