Turawan Ingila da ban dariya, ni dai ga nawa gwanayen

Ni fa in ana maganar wasan barkwanci na Ingila Mr. Bean ne a gaba, ko kakata da ba ta jin turanci tana kallonsa tana ƙyalƙyala dariya saboda mutumin kusan ba ya magana, fuska ce kawai da ƙeta da ƴar motarsa Mini da yake garƙame wa kwaɗo. Abin mamaki wai kashi 15 ne kacal aka yi gaba ɗaya, daga 1990 zuwa 1995 a tashar ITV, amma sai ka rantse sun kai ɗari. Kuma Rowan Atkinson ɗin nan mai fitowa a matsayin Mr. Bean da ake wa kallon wawa injiniyan lantarki ya karanta har Oxford.

Sai Frank Spencer na Some Mothers Do 'Ave 'Em, na BBC, shi kam duk abin da ya taɓa sai ya lalace, matarsa Betty tana ta haƙuri, wallahi tausayinta nake ji fiye da dariyar. Michael Crawford mai fitowa a matsayin Frank da kansa yake yin faɗe-faɗen nan masu hatsari, babu wanda ke tsaya masa.

Mind Your Language kuwa, wasan baƙi masu koyon turanci a Ingila, yanzu in na sake kallo wasu wuraren sai in ga kamar raini ne ga baƙi, ko da yake har yanzu rigimar Ali da Ranjeet a aji tana sa ni dariya. Fawlty Towers ana ta yabonsa, kashi 12 ne kawai, amma ihun Basil mai otal ɗin ya min yawa gaskiya.